Yadda ake riƙe lambun gida shekara zagaye da rumfar leda da dashen reshe

Reshen da aka yanko daga jikin uwarsa yana da ganye, amma ba shi da saiwa. Ganyen na ci gaba da fitar da ruwa kamar kullum, alhali babu abin da zai zuƙo masa wani daga ƙasa. Ko dai ya fitar da saiwa kafin ruwan jikinsa ya ƙare, ko ya yanƙwane ya bushe. Duk wata dabara ta dashen reshe, tun daga kaifin wuƙa har zuwa ledar da ake rufawa, ƙoƙari ne na tsawaita masa wannan ɗan lokaci. Rumfar leda ko ta gilashi kuwa, ba don ɗumi kaɗai ake kafa ta ba, kamar yadda mutane da yawa suke zato. Babban amfaninta shi ne ta ba ka iko a kan iska da laima da haske da ruwan da ke zuba a kan shuka. Wanda ya haɗa biyun nan lambunsa ba zai rasa kore ba duk shekara, kuma zai yawaita shukar da yake so daga gindi ɗaya tak.

Wurin kafa rumfa da yadda ake kafa ta

Kafin ka sayi komai, ka ɗauki yini guda kana lura da inda rana ke faɗawa a filin da kake da shi. Wurin da ke samun hasken rana na awa 6 ko fiye shi ake nema. Ka guji gindin bishiya, domin ganye da kashin tsuntsu za su dusashe rufin, saiwarta kuma ta shigo ta ƙarƙashi ta shanye maka ruwa da taki. Ƙasar ta kasance shimfiɗaɗɗiya wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta. Sannan ta kasance kusa da famfo ko rijiya, kuma kusa da ƙofar ɗakinka. Wannan na ƙarshe kada ka raina shi. Rumfa tana son a leƙa ta safe da yamma, kuma wadda aka kafa can ƙuryar fili ita ce ake mantawa da ita.

A ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya, inda rana ke yin ƙasa sosai da hunturu, ana miƙe tsawon rumfar daga gabas zuwa yamma don ta sha haske. A ƙasashe masu zafi an fi miƙe ta daga arewa zuwa kudu, a kuma duba ta inda iska ta fi kaɗawa don ta ratsa ciki.

Faɗin mita 2 da tsawon mita 3 ya ishi mai farawa, amma tsayi kada ya gaza mita 2, in ma da hali a ƙara. Iska mai zafi sama take tashi, don haka gajeriyar rumfa a kan shukar take tara zafin. Kuma ƙaramar rumfa ta fi babba saurin ɗaukar zafi da saurin hucewa, shi ya sa ta fi wuyar sarrafawa. Ana yin ginshiƙai da bututun ƙarfe ko katako mai ƙwari, a kafa su sosai cikin ƙasa, domin guguwa ɗaya na iya ɗauke rumfar da ba a ɗaure ba.

Batun rufi, kada ka sa ledar da aka saba gani ta shimfiɗa ko ta ƙunshi. Rana za ta cinye ta cikin 'yan watanni ta riƙa ɓarɓashewa. Akwai leda ta musamman da aka yi wa maganin hasken rana, mai kaurin maikiron 150 zuwa 200 (maikiron 1,000 ne milimita 1), wadda kan kai shekara 3 zuwa 4. Gilashi ya fi daɗewa kuma ya fi ba da haske, sai dai nauyi da fashewa. Faranti na roba mai rufi biyu, wanda ake kira polikabonet, ya fi su riƙe ɗumi. In leda za ka sa, ka ja ta a ranar da ake ɗumi kuma babu iska, lokacin da ta saki jiki, don in ta huce ta ɗame. Ka haƙa ɗan rami mai zurfin santimita 30 a gefe ka binne bakinta. Duk inda za ta taɓa ƙarfe ka naɗe ƙarfen da tsumma ko tef, saboda ƙarfen da ya sha rana shi ke fara cin leda.

Sai tagogi, kuma a nan mafi yawan rumfunan gida suke gazawa. Rufaffiyar rumfa da tsakar rana daidai take da motar da aka ajiye a rana aka ɗaga gilasanta. Zafin ciki na haye digiri 40 a ma'aunin Salshiyas cikin ɗan lokaci, ko da waje ba a jin wani zafi. A ganina shukar da zafi ke kashewa a rumfa ta fi wadda sanyi ke kashewa yawa. Jimillar faɗin tagogin sama ya kai kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na faɗin daɓen rumfar, sannan a bar mashiga a ƙasa, yadda iska mai sanyi za ta shigo ta ƙasa ta tura mai zafi ta sama. Hanya mafi sauƙi ita ce a yi gefen ledar mai naɗewa, a sa raga a bayansa don hana kwari. Inda zafi ya fi sanyi yawa a shekara, rufin kawai za a yi da leda, bangon duka ya zama raga.

Ka rataye ma'aunin zafi irin mai nuna mafi tsananin zafi da mafi tsananin sanyin da aka yi a yini, a daidai tsayin shuka, ba a rana kai tsaye ba. Yawancin kayan lambu sun fi sakewa tsakanin digiri 18 da 27 a ma'aunin Salshiyas. A cikin rumfar ka ware kusurwa ɗaya mai haske amma marar rana, ka sa benci. Nan ne wurin renon rassa.

Ƙasar reno da kayan aiki

Wuƙa mai kaifi ko sabuwar reza, almakashin lambu, ƙananan tukwane masu huji a gindi, farar leda mai nuna ciki, tsinke, da abin rubuta suna. Ba su da yawa. Abin da ya fi su muhimmanci shi ne tsabta. Ka goge wuƙar da barasar asibiti mai ƙarfin kashi 70 kafin ka fara, da duk lokacin da za ka koma kan wata shuka. Tsofaffin tukwane a wanke su, a jiƙa su minti 10 zuwa 30 cikin ruwan bilic, awo 1 na bilic da awo 9 na ruwa, sannan a ɗauraye.

Kada ka kafa reshe cikin ƙasar lambu mai taki. Mutum zai ga kamar gata ya yi masa, amma reshen da ba shi da saiwa ba ya cin taki, kuma bakinsa rauni ne buɗaɗɗe da ƙwayoyin cutar da ke cikin taki za su shiga. Abin da yake bukata laima ce da iska a gindinsa. Ka haɗa rabi yashi mai tsakuwa-tsakuwa na kogi da aka wanke, rabi kuma garin ɓawon kwakwa. In akwai falayit, wato farin dutsen nan marar nauyi da ake gasawa ya kumbura, ya fi yashi. Yashin bakin teku ba ya yi saboda gishiri. Ka jiƙa haɗin ka damƙa a hannu: ya dunƙule, ya ɗiga ɗigo ɗaya ko biyu, in ka taɓa shi ya warware. In ruwa na tsiyaya ta tsakanin yatsunka ya yi yawa.

Yankan reshe da kafa shi

Aikin tun jiya yake farawa. Ka shayar da uwar shukar da yamma, ka yanka washegari da sassafe lokacin da rassan ke cike da ruwa. Ka zaɓi uwa mai lafiya wadda ka san halinta, domin reshe ba ya canza hali. Abin da uwar take, shi zai zama, da zaƙin 'ya'yanta da launin furenta, har da cutar da ke jikinta. Shukar da ganyenta ya yi dabbare-dabbare ko ya nannaɗe kada ka ɗiba daga gare ta. Ta wannan hanyar ce cutar dabbaren ganyen rogo take yaɗuwa daga gona zuwa gona.

Ka nemi reshen bana, wanda bai yi fure ba. Mai fure ƙarfinsa ya tafi wajen furen. In babu sai mai fure, ka tsinke furen da ƙunshinsa. Da ka yanko ka jefa shi cikin leda mai ɗan ruwa ka ajiye a inuwa, kada ka bar shi a ƙasa kana neman wani.

A kan benci sai ka gyara shi. Ka dubi gaɓa, wato inda ganye ke fitowa daga kara. Ka yanke gindin reshen daf da ƙarƙashin gaɓa, yanka ɗaya mai tsabta, ba tare da murjewa ba. Dalili shi ne akwai wani sinadari mai suna okzin da shuka ke yi a kan tohonta, yana gangarowa ƙasa ya taru a inda aka yanke, kuma shi ke sa naman wurin ya juye ya zama saiwa. Gaɓa ita ce wurin da ya fi saurin amsawa. Wannan gangarowar ce ma ta sa reshe yake da sama da ƙasa, in ka kafa shi a juye ba zai yi ba. Reshen da ba shi da ganye yana da saurin rikitarwa, don haka ka saba da yanke samansa a karkace, gindinsa a miƙe.

Ka cire duk ganyen da ke rabin ƙasa, ka bar biyu zuwa huɗu a sama. In ganyen manya ne, ka yanke rabin kowanne da almakashi. Ganye ne ke dafa wa reshen abinci, shi ne kuma ke zubar masa da ruwa, shi ya sa ake rage shi amma ba a cire duka. Reshen da ya fara tauri ana ɗan kankare ɓawonsa a gefe ɗaya na gindi, tsawon santimita 2, har koren ciki ya bayyana.

Akwai garin sa saiwa da ake sayarwa, mai ɗauke da wani nau'in okzin da ake kira IBA, wanda aka gano amfaninsa tun shekarun 1930. Yana zuwa da ƙarfi daban-daban: kashi 0.1 cikin 100 don ɗanyen reshe, 0.3 don mai matsakaicin tauri, 0.8 don ƙosasshen itace. Ka zuba kaɗan a murfi, ka dangwala gindin reshen, ka kaɗe abin da ya yi yawa, ragowar kuma ka zubar, kada ka mayar cikin kwalba. Yawansa ƙona gindin yake yi. Na'a-na'a da ɗoɗɗoya da dankali da tumatir ba sa bukatarsa ko kaɗan. Zuma da kirfa da wasu ke shafawa ba su da wannan sinadarin, kada ka dogara da su a kan reshe mai wuyar kamawa.

Ka huda ƙasar da tsinke kafin ka sa reshen, don kada garin ya goge. Ka nutsar da sulusinsa zuwa rabinsa, gaɓa ɗaya aƙalla ta shige ciki, ka danna ƙasar da yatsu ta kama shi. Ka jera su a gefen tukunya, inda ruwa ya fi saurin tsanewa, ganyen wani kada ya taɓa na wani. Ka zuba ruwa a hankali, ka bari ya tsane, ka rubuta suna da kwanan wata. Ka kafa fiye da adadin da kake bukata, domin ko gwani ba ya samun duka.

Sai rufi. Ka soka tsinke uku a tukunyar, ka kifa farar leda a kai yadda ba za ta taɓa ganye ba, ka ɗaure bakinta. Robar ruwa da aka yanke gindinta ma tana yi. Ruwan da ganye ya fitar zai cika iskar ciki da laima, sai fitarwar ta ragu, abin da ya taru a jikin leda kuma ya gangara ya koma ƙasa. Wani likita a Landan mai suna Nathaniel Ward ya lura da wannan a 1829, da ya ga tsiro ya fito ya rayu cikin rufaffiyar kwalba ba tare da ban ruwa ba. A 1833 ya aika akwatunan gilashi cike da shuke-shuke ta jirgin ruwa zuwa Sidni a Ostireliya, suka isa da ransu bayan watanni a teku.

Amma ba kowace shuka ke son rufi ba. Masu kaurin ganye da ke tara ruwa, da masu fitar da farin ƙaro, da kan abarba, ana barin su a inuwa kwana 2 zuwa mako guda bakin ya bushe, sannan a kafa su a yashi mai ɗan laima ba tare da leda ba. In ka rufe su ruɓewa za su yi.

Wasu sun fi son sa reshe a kofin ruwa don su ga saiwar na fitowa. Yana yi ga na'a-na'a da ɗoɗɗoya, in ana canza ruwan duk kwana biyu ko uku. Sai dai saiwar ruwa gautsi gare ta, don haka a mayar da shi tukunya tun tana santimita 2 zuwa 5.

Makonnin jira

Tukunyar ta zauna a haske marar rana. Rana kai tsaye a kan rufaffiyar leda dafa reshen za ta yi cikin awa guda. Saiwa ta fi saurin fitowa idan ƙasar tukunyar na tsakanin digiri 18 da 24, iskar sama kuma ta ɗan fi sanyi. Kullum ka buɗe ledar na 'yan mintoci, ka kaɗe ruwan da ya taru, ka tsince duk ganyen da ya faɗi ko ya yi baƙi tun kafin fumfuna ta kama shi. Ban ruwa sai ka ga saman ƙasar ya fara bushewa. Gindin da ya yi baƙi ya yi laushi alamar ruwa ya yi yawa ce, ka cire shi nan take don kada ya shafi sauran.

Kada ka riƙa tumɓuke shi kana dubawa. Sabon ganye ma ba hujja ba ne, domin reshe na iya toho da abincin da ya taho da shi alhali gindinsa fayau yake. Ka leƙa hujin tukunya ko farar saiwa ta leƙo, ko ka ɗan ja shi a hankali, in ka ji ya riƙe to ya kama. Ɗanyen reshe kan ɗauki mako 2 zuwa 4, mai matsakaicin tauri mako 4 zuwa 8 ko fiye, ƙosasshen itace kuwa watanni. Da ya kama, ka fara buɗe ledar kaɗan-kaɗan har mako guda, sannan ka raba su kowa da tukunyarsa, wannan karon cikin ƙasa mai ruɓaɓɓen taki.

Abin da kowane lokaci ke bukata

Lokutan shekara ba ɗaya suke a ko'ina ba. Wani wuri ƙanƙara ce ke tsayar da shuka, wani wuri fari ne. Saboda haka kada ka bi sunan wata, ka bi reshen da ke hannunka. Ka lanƙwasa shi: in ya karye ƙas yana da ruwa-ruwa, ɗanye ne. In gindinsa ya yi tauri amma kansa na lanƙwasuwa, matsakaici ne. In duk ya zama itace mai ruwan ƙasa, ya ƙosa.

Lokacin toho, wato bayan sanyi ya wuce ko da faɗuwar ruwan farko, shi ne lokacin ɗanyen reshe. Ana yanka shi santimita 5 zuwa 10. Ya fi kowanne saurin saiwa, ya kuma fi saurin yanƙwanewa, don haka daga yanka zuwa kafawa kada a ɓata lokaci. A nan ne ake yawaita ganyayen ƙamshi da yawancin furanni. 'Ya'yan rassan da ke fitowa a hammatar ganyen tumatir, waɗanda dama cire su ake yi, in ka kafa su za su yi saiwa cikin mako ɗaya zuwa biyu su ba ka zubi na biyu. Yaɗon dankali ana yanka shi santimita 25 zuwa 30 a dasa kai tsaye. A wannan lokacin ne kuma rumfa ke cika da renon iri. Inda ake ƙanƙara, ana zuba irin tumatir da tattasai a ciki mako 6 zuwa 8 kafin sanyin ƙarshe. Ka zuba iri da tazara, domin cunkoso da yawan ruwa su ke kawo cutar nan da ke cin wuyan ƙananan tsiro su kwanta dare ɗaya.

Da zafi ya tsananta, aikinka ya koma sanyaya rumfa. Ka buɗe komai tun da safe. Ka shimfiɗa ragar inuwa mai tare kashi 30 zuwa 50 na haske, a saman rufin ta waje, domin in ta ciki ka sa zafin ya riga ya shigo. Ka yayyafa ruwa a daɓe da rana, yana bushewa yana sauke zafin. Furen tumatir da na tattasai kan zube idan zafin rana ya daɗe sama da digiri 32, saboda haka in ba za ka iya sauke shi ba, kada ka wahalar da kanka. Ka kwashe rumfar ka yi amfani da zafin wajen gasa ƙasa: ka jiƙa kunyoyin sosai, ka rufe su ruf da farar leda, ka binne bakinta, ka bar su mako 4 zuwa 6. Wannan na rage irin ciyawa da ƙwayoyin cuta da tsutsar da ke sa saiwa ƙulli-ƙulli.

Lokacin ruwa rufin ne ke aiki, ba bango ba. Ganyen tumatir da ruwa ba ya duka ba ya saurin kamuwa da cututtukan ƙunar ganye, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin kafa rumfa. Amma laima za ta yi yawa, sai ka ƙara tazara tsakanin shuke-shuke, ka cire ganyen ƙasa, ka zuba ruwa a gindi da safe. Ka sa indararo a bakin rufin ya riƙa tara maka ruwan a ganga. Ruwan sama na milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ne, ke nan rufi mai murabba'in mita 6 zai ba ka lita 120 daga ruwa na milimita 20. Ka rufe gangar saboda sauro.

Da girma ya fara tsayawa, wajen kaka, rassan bana sun zama matsakaita. Ana yanka su santimita 10 zuwa 15. Wardi da yawancin ƙananan itatuwan ado da ba sa zubar da ganye a nan suka fi kamawa. Ɗan reshen gefe ana iya ɓalle shi da hannu ya taho da ɗan ɓawon uwa a gindinsa, a gyara bakin da wuƙa. Wannan ɗan ɓawon na taimaka masa.

Da hunturu, ko lokacin da itatuwa suka zubar da ganye suka huta, sai ƙosasshen itace. Shi ne mafi sauƙi, domin babu ganyen da zai zubar da ruwa, ba ya ma bukatar leda. Ka zaɓi mai kaurin fensir, tsawon santimita 20 zuwa 30, ka binne kashi biyu cikin uku, ka bar ido ɗaya ko biyu a waje. Inabi da rumman da ɓaure haka ake yi musu. Karan rogo ana yanka shi santimita 20 zuwa 25 mai ido 5 zuwa 7, zogale kuwa babban reshe mai kusan mita 1 ake kafawa, amma su biyun sai ƙasa na da ɗumi da laima.

A cikin rumfa da sanyi, ka rage ban ruwa sosai, kuma da safe kawai. Ka wanke rufin, domin ƙura na tare haske a lokacin da aka fi bukatarsa. Ka jera baƙaƙen ganguna cike da ruwa inda rana za ta same su, su sha zafi da rana su sake shi da dare. Ka rufe tagogi tun kafin rana ta faɗi, amma ka buɗe su ɗan lokaci da hantsi. Inda ake ƙanƙara, a manna ledar nan mai kumfa-kumfa ta ciki, a riƙe zafin kada ya sauka ƙasa da digiri 5 zuwa 7, a kuma share ƙanƙarar da ta taru a rufi. Kada ka kunna gawayi a rufaffiyar rumfa. Hayaƙinsa marar wari yana kashe mutum. Latas da kabeji da karas da albasa su ne shukar wannan lokaci, suna son sanyi.

Kwari, gishiri da barbarar fure

Rumfa tana kare shuka, tana kuma kare kwarin da suka samu shiga, domin babu ruwan sama ko tsuntsun da zai rage su. Ka riƙa juya ganye kana duba bayansa sau biyu a mako. Farin ƙuda da darɓa a nan suke taruwa. Ka rataye katin rawaya mai danƙo don ka san da zuwansu da wuri. Jan gizo-gizo ɗan mitsitsi yana son zafi da bushewa, alamarsa ɗige-ɗigen rawaya a ganye da siririyar saƙa, kuma fesa ruwa a bayan ganye na rage shi. Ruwan sabulu marar ƙarfi ko man darbejiya na maganin yawancinsu, a fesa da yamma don kada rana ta ƙona ganyen. Sabuwar shukar da ka kawo daga waje ta yi mako biyu a gefe kafin ta shiga.

Tunda ruwan sama ba ya wanke ƙasar ciki, gishirin taki na taruwa har ka ga fari-fari a samanta. Sau ɗaya a shekara ka kwarara mata ruwa mai yawa ya wuce da shi ƙasa. Kada kuma ka maimaita tumatir da tattasai da gauta a kunya ɗaya shekara bayan shekara, dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Furen tumatir iska ce ko wasu nau'o'in ƙudan zuma ke girgiza shi ya ɗauki 'ya'ya, a rumfa kuwa babu ko ɗaya, sai ka riƙa ɗan kaɗa karan da hantsi. Kokwamba da kabewa ka bar wa zuma ƙofa, ko ka ɗauki garin furen namiji ka shafa wa na mace.

Fitar da dashe waje

Shukar da ta tashi a rumfa ganyenta taushi gare shi, bai san iska da rana tsirara ba. In ka fitar da ita rana ɗaya, ganyen zai yi fari ya ƙone. Ka ba ta kwana 7 zuwa 14 tana sabawa. Ranar farko awa biyu a inuwa inda iska ba ta bugawa, sannan ka mayar da ita. Kullum ka ƙara lokaci, ka ƙara rana, ka ɗan rage ruwa, har ta kwana a waje. Ka dasa da yamma ko ranar da ake gajimare, ka shayar da tukunyar tukuna don ƙasar ta fito dunƙule da saiwar. Zurfin ya zama daidai da yadda take a tukunya, ban da tumatir da ake nutsar da shi har wajen ganyen farko saboda karansa na fitar da saiwa. Ka zuba ruwa sosai, ka rufe gindin da busasshiyar ciyawa ba tare da ta taɓa kara ba.

Akwai itatuwan da ba sa kamawa ta reshe sai da ƙyar, kamar mangwaro, waɗanda aure ake yi musu, wato a haɗa reshensu a kan gindin da ya tashi daga ƙwallo. Lemo ma an fi yi masa aure. Gwaba da makamantanta kuwa akwai hanyar da ta fi sauƙi, wadda ba a raba reshe da uwa sai ya yi saiwa. Ka zaɓi reshe mai kaurin yatsa, ka zagaye ɓawonsa da wuƙa ka cire faɗin santimita 2 zuwa 3, ka kankare santsin da ke kan itacen don kada ɓawon ya sake haɗewa. Ka shafa garin sa saiwa a bakin sama na yankan, ka dunƙula jiƙaƙƙen garin ɓawon kwakwa a wurin, ka naɗe da farar leda ka ɗaure sama da ƙasa tam. Bayan wata 2 zuwa 3 za ka ga saiwa ta cika ledar. Sai ka yanke reshen ta ƙarƙashin ƙullin, ka rage ganyensa da rabi, ka kwance ledar a hankali ba tare da ka fasa dunƙulen ba, ka sa shi a tukunya a kusurwar inuwa ta rumfa na mako 3 zuwa 4 kafin ya fara ganin rana.